Ƙanina tsohon soja ba ya barci, kuma ya rantse ba zai ga likita ba

Anti, barka da aiki. Ina roƙon a sakaya sunana. Ƙanina ne ya hana ni sukuni. Shekararsa 27, ya shiga soja yana da 19, sau biyu ana tura shi bakin daga, kuma bai cika shekara da ajiye kaki ba. Jikinsa lafiya ƙalau, in ban da ciwon kai da ƙarar da yake cewa kunnensa na yi. Amma Anti, ba yaron da muka sani ba ne ya dawo mana. Sai ya raba dare yana zagaya gida yana duba ƙofofi. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura kamar an harbe shi. Abu kaɗan ya hau matarsa da faɗa, kwanaki har ya naushi bango a gaban ɗansu mai shekara 2. Ƙwayoyin barci yake karɓa a wajen wani abokinsa. Sau ɗaya ya taɓa ce wa matarsa shi ya kamata ya kasance a motar da ta taka bam, ba amininsa ba, don musayar wuri suka yi a ranar.

Na yi masa maganar likitan ƙwaƙwalwa, ya ce waɗanda suka dawo babu ƙafa su ne marasa lafiya. Da na ga ba shi da niyya sai na yi dabara, na ce ya raka ni asibiti, alhali na riga na shirya da likita. Yana karanta allon ƙofar ya juyo ya ce, "Yaya, ni kika mayar mahaukaci?" Tun ranar ko wayata ba ya ɗauka. Mahaifiyarmu ta ce in ƙyale shi, addu'a da lokaci za su yi magani. Matarsa kullum kuka take yi min a ɓoye, tana roƙona kada ya ji. Me ya sa yake gudun abin da zai taimake shi? In kira tsohon kwamandansa ya tsawata masa ne? Ko in ce matar ta bar masa gidan har ya sauko?

Yayar wani tsohon soja

'Yar uwata, sannu da ɗawainiya. Allah ya ba ƙaninki lafiya, ya jiƙan amininsa. Na ga kin gaji, amma ba ki saki hannun ɗan uwanki ba, kuma wannan babban jari ne gare shi ko da a yanzu ba ya ɗaukar wayarki. Tambayarki ta farko ita ce babba, a kanta zan daɗe.

Abubuwan da kika lissafa, rashin barci, zabura, saurin fushi, sintirin dare a cikin gida, sun yi kama da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD. Na ce sun yi kama, domin sai likita ya zauna da shi zai tantance. Baƙin ciki mai tsanani, da bugun da ƙwaƙwalwa ke sha in bam ya tashi kusa da mutum, da su kansu ƙwayoyin da yake sha, kowannensu na iya kawo irin waɗannan alamu, kuma sau da yawa tare suke zuwa. Amma ki lura, duk abin da ke ba ku tsoro a halinsa na yanzu, a bakin daga shi ne ya tsare masa rai. A can mai barci mai nauyi ana iya ritsawa da shi, wanda bai zabura da jin ƙara ba yana iya rasa ransa, fushi kuma shi ke tura mutum gaba lokacin da tsoro ke son daskarar da shi. Jikinsa ya koyi wannan sosai, kuma har yau bai yarda yaƙin ya ƙare ba. A wajensa, duba ƙofa da tsakar dare aikin mai gida ne da ya san abin da ku ba ku sani ba.

Ga kuma abin da yawancin iyalai ba su sani ba: gudun duk abin da zai tuno da ranar yana cikin alamomin ciwon, da shi ma likitoci ke gane shi. Mai wannan lalura yana kauce wa hanya, da hira, da fuskar da za ta tuna masa. To wane wuri ne ya kai ɗakin likita tunatarwa, inda yake zaton za a zaunar da shi a ce ya ba da labarin tiryan-tiryan? Ciwon da kike so a yi wa magani shi ne ke riƙe masa ƙafa.

Sai tarbiyyar kaki. Yaro ne ɗan shekara 19 ya shiga, lokacin da mutum ke koyon abin da ake nufi da zama namiji, kuma a bariki ya koya. An nuna masa cewa ciwo haɗiye shi ake yi, wanda ya tafi asibiti wani ne zai ɗauki gadinsa, mai yawan ƙorafi kuma kaya ne a kan 'yan uwansa. Wannan aƙida ta daɗe a rundunonin duniya, ta kuma ci mutane. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta harbe sojoji 306, nata da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta, bisa laifuffuka irin su gudu daga fagen fama da ragwantaka, kuma ana kyautata zaton firgicin yaƙi ne ya kama wasu daga cikinsu. Sai a 2006 aka yi musu afuwa. Shi kansa ciwon sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi kundinta, bayan matsin lamba daga tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam da likitocin da suka tsaya musu.

An ma auna wannan kunya. A 2004 wani likitan sojan Amurka, Charles Hoge, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan dubban sojojin da aka tura Iraƙi da Afganistan. Cikin waɗanda gwaji ya nuna suna da alamun matsala, kashi 23 zuwa 40 cikin 100 ne kacal suka nemi taimako. Da aka tambaye su abin da ke hana zuwa, kashi 65 suka ce za a ɗauke su ragwaye, 63 suka ce manyansu za su sauya musu fuska, rabi kuma suka ce zai ɓata musu aiki. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, masu alamun ciwon sun ninka marasa shi wajen jin wannan tsoro, wato wanda ya fi buƙatar likita shi ya fi jin nauyin zuwa.

Ƙuruciyarsa ma na cikin lissafin. Dattijon da ya yi ritaya bayan shekara 30 ba shi da wani abin da zai rasa in an gan shi a layin asibiti. Ɗan shekara 27 kuwa rayuwa ce gaba ɗaya a gabansa. Yana neman aiki, wataƙila ma na tsaro tunda shi ya iya, yana tsoron takardar da za ta bi shi duk inda ya nema. Yana da matashiyar mata da yake so ta ci gaba da jingina da shi. Ya ji labarin ƙwayoyin da ke sa mutum ya yi sususu, ko su rage masa kuzarin aure. A ransa kuma yana cewa, me farar hular da bai taɓa jin warin albarushi ba zai gaya min? Akwai gaskiya a cikin kowanne daga waɗannan, in kika raina su kin rufe hira.

Amma ni a ganina ƙullin yana cikin maganganu biyu da kika kawo kamar a wuce: cewa marasa ƙafa su ne marasa lafiya, da wadda ya faɗa wa matarsa sau ɗaya tak game da motar. Ki haɗa su ki gani. Mutumin da ya yi imani wani ya mutu a madadinsa ba ya ganin yana da bakin kuka da ciwo, balle neman sauƙi. Rashin barcin nan yana iya zame masa bashin da yake biya, samun lafiya kuma ya zama tamkar ya manta da amininsa. Jonathan Shay, wani likita da ya shafe shekaru yana jinyar tsofaffin sojojin Biyetnam a birnin Boston, yana cikin waɗanda suka fara jan hankali cewa akwai raunin yaƙi da ba tsoro ne tushensa ba. Shi ya fi magana kan amanar da shugabanni ke ci, waɗanda suka biyo bayansa suka faɗaɗa batun ya haɗa da abin da mutum ya aikata, ko ya kasa hanawa, ko ya gani da idonsa. Mai irin wannan miki kunya da zargin kai ke cinsa, yana tsoron ranar da ya faɗi komai za ku daina yi masa kallon da kuke yi masa. Don haka in ya sake ɗauko zancen motar, kada a yi saurin tare shi da "ba laifinka ba ne" ko "ka manta kawai". Gaskiya ne ba laifinsa ba ne, bai san abin da ke binne a hanya ba, wanda ya binne shi ne mai laifi. Sai dai in an faɗa da wuri, abin da zai fahimta shi ne ba a son sauraro. Ku tambaye shi wane irin mutum ne aminin nasa, yaya suka haɗu, me yake yi da ke ba su dariya. Sau da yawa ta hirar mamacin ake isa ga mai ran.

Batun ranar asibiti kuwa, na san ƙauna ce ta sa ki, amma ba zan ɓoye miki ba, abin da ya gani kwanton ɓauna ne. Mutumin da dare da rana yake tsaron kada a shammace shi, sai ga shi yayarsa ta shammace shi. Ki ba shi haƙuri, girmanki ba zai ragu ba. Tunda ba ya ɗaukar waya, ki rubuta masa gajeren saƙo: "Ban kyauta ba da na kai ka wurin nan ba da saninka ba. Ka yafe min. Ba zan ƙara shirya maka komai a bayan idonka ba." Ki tsaya nan, kada ki ƙara "amma", kada ki sako zancen likita. In bai amsa ba ki bar shi, bayan kwana biyu ki nemi ya taimaka miki da wani aikin da ya iya. Wanda ya saba a dogara da shi ya fi saurin amsa "zo ka taimake ni" a kan "zo in taimake ka".

Kwamanda dai, a'a. Umarni na iya kai ƙafarsa asibiti amma ba zai buɗe masa baki ba, kuma za ki tabbatar masa da babban tsoronsa, asirinsa ya tonu a gaban waɗanda ya fi jin nauyi. Wanda zai yi amfani shi ne abokin aikinsa, sa'ansa ko wanda ya ɗan girme shi, wanda suka kwana rami ɗaya, in da hali wanda shi ma ya taɓa ganin likita bai kuma ɓoye ba. Ban da mai kawo masa ƙwayar nan, don Allah. Maganar da ya ƙi ji daga bakinki zai iya jin ta daga bakin wanda zai ce masa, "Ni ma haka na yi ta zagaya gida." Hukumomi sun daɗe da gane haka. A 1979 Amurka ta fara buɗe cibiyoyin ba tsofaffin sojoji shawara a cikin unguwanni, a wajen manyan asibitoci, ta kuma sa tsofaffin sojoji cikin ma'aikatansu. Ba sai kin kwashe sirrinsa kin ba abokin ba. Ki ce masa kawai ya leƙo ɗan uwansa, in ya zo zai gani da idonsa, in ƙaninki ya tambaya kuma ki ce e, ke kika kira shi.

Ƙofar da ta fi kusa shi da kansa ya nuna muku ita: ciwon kai, ƙarar kunne, rashin barci. Waɗannan ya yarda yana da su, kuma babu sojan da ke jin kunyar cewa ƙarar bindiga ta taɓa masa kunne. A Amurka ma ƙarar kunne ce lalurar da aka fi biyan tsofaffin sojoji diyya a kanta. Ganin likitan da ke duba kowa da kowa saboda su abu ne da yake buƙata da gaske, tunda ya yi aiki inda bama-bamai ke tashi, kuma likitan kirki in ya ji tsohon soja ba ya barci zai tambayi sauran. Bayan kun sasanta, ki samu lokacin da babu idon kowa, kuna tafiya ko kuna cikin mota, domin maza da yawa sun fi sakin baki in ba a ƙura musu ido ba. Ki faɗi abin da kika gani ban da sunan ciwo: "Na ga barci na ba ka wahala, ga kunnen nan. Me kake ganin ya kamata a yi?" Shi zai zaɓi likita, da rana, da ko zai tafi shi kaɗai. Ki roƙi zuwa ɗaya tak, a kan cewa in bai gamsu ba babu mai tilasta masa komawa. Rashin barci ma yana da nasa horon da ake yi ba tare da ƙwaya ba a 'yan makonni, kuma wanda ya fara samun barci fushinsa kan lafa har ya iya duban sauran.

Ke ma ki san abin da ke bayan ƙofar, don ki iya amsa masa in ya tambaya. Jinyar da ta fi inganci ga wannan ciwo ta zama ce da magana, kuma tana da ranar gamawa. Akwai wadda ake bin tunanin da ya maƙale, irin "ni na kashe shi", ana auna shi da abin da ya faru a zahiri, yawanci a zama 12. Akwai wadda ake tunkarar abin tsoron kaɗan-kaɗan har jiki ya daina zabura, a zama 8 zuwa 15. Akwai ma ta rubutu, zama 5, ga wanda bakinsa ya yi nauyi. Aiki ne mai tsari da atisaye, irin wanda soja ya saba da shi. Ba zan yi miki alkawarin warkewa tas ba. Wani nazari da aka wallafa a 2015 kan gwaje-gwajen da aka yi da sojoji da tsofaffin sojoji ya nuna kashi 49 zuwa 70 cikin 100 sun samu sauƙi na a zo a gani, amma kusan biyu bisa uku ciwon bai rabu da su gaba ɗaya ba. Wasu kuma kan daina zuwa a tsakiya, domin makonnin farko na iya fama mikin. Duk da haka, ga gidan da ake naushin bango, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne. In likitan farko bai yi masa ba, a sauya wani.

Ƙwaya zaɓi ce, ba dole ba. Irin su sertraline da paroxetine ba sa bugarwa, sukan ɗauki makonni kafin su fara aiki, kuma gaskiya ne suna taɓa sha'awar wasu, abin da ake gaya wa likita ya gyara. Waɗanda suka tayar min da hankali su ne na hannun abokin. In dangin diazepam ne, ƙa'idojin jinya sun yi gargaɗi kada a ba mai wannan ciwo. Jiki na sabawa da su, haɗa su da giya ko manyan ƙwayoyin rage raɗaɗi na iya tsayar da numfashi, yanke su lokaci ɗaya bayan an daɗe ana sha kuma na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Don haka kada matarsa ta kwashe ta zubar, ta dai duba sunan da ke jikin kwalin don likita ya sani. Batun sirri kuma, likita ba ya kai labari wajen dangi ko mai ɗaukar aiki ba da izini ba, sai inda rai ke cikin haɗari ko doka ta tilasta. Ƙaninki na da damar ya fara da tambayar nan kafin ya faɗi komai: me za ka rubuta, wa zai gani?

Kada ki yi jayayya da mahaifiyarku. Rabin maganarta gaskiya ce, addu'a na riƙe zuciya, kuma mafi yawan waɗanda suka ga tashin hankali lokaci kan sassauta musu, yawancin sojoji ma ba sa kamuwa da wannan ciwo. Amma alamun da suka shafe watanni ba su lafa ba, har suka kai ga ƙwaya da naushin bango, ba irin waɗanda ake bar wa lokaci ba ne. Ki tambaye ta cikin ladabi, da ƙafa ya karya, za ta hana a kai shi a gyara don ana addu'a? Ina zaton ita ma tsoron sunan da za a laƙaba wa ɗanta take ji. In ta gane maganar barci da kunne ake yi, "je ka likita ya duba min lafiyarka" daga bakinta ya fi hujjojinki duka nauyi.

Wadda ta fi kowa shan zafin ita ce matarsa, kuma ciwon ɗan uwanki bai ba shi izinin firgita ta ba. Ki zauna da ita ku biyu ki tambaye ta kai tsaye: ya taɓa kai mata hannu, ko shaƙe ta ko da cikin barci ne? Ya taɓa yi mata barazana? Tana tsoron ranta ko na yaron? In amsar ɗaya daga ciki e ce, ita da yaron su matsa zuwa inda suke da aminci, yau ba gobe ba, kuma ki tsaya mata ko da dangi za su ga baƙinki. In bai kai nan ba, shawarar zama ko tafiya tata ce, ba taki ba, kuma kada a yi amfani da tafiyarta don a tsorata shi ya je asibiti. Barazanar rabuwa ga mutumin da ke ganin bai cancanci rayuwa ba wasa da wuta ne. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu ta san inda za ta je in dare ya ɓaci, da wanda za ta kira. A ranar da yake cikin natsuwa su yi yarjejeniya cewa in ya ji ransa na tafasa zai fita ya sha iska, ita kuma ba za ta bi shi da magana ba sai ya dawo. In yana mugun mafarki kada ta tashe shi da taɓawa, ta kira sunansa daga nesa. Yaro ɗan shekara 2 ba ya gane dalili, amma tsawa na shiga jikinsa, kuma uban da ya ƙi motsawa don kansa yakan motsa don ɗansa.

Saura magana mai nauyi. Wanda ya ce shi ya kamata ya mutu, dole a tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa, da waɗannan kalmomin, ba kewaye-kewaye. Bincike ya nuna tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar wanda ba shi da shi, mai shi kuma sau da yawa sauƙi yake ji da aka tambaya. Nazarin da aka yi a Amurka ya nuna shekarar farko bayan ajiye kaki na cikin lokutan da haɗarin ya fi yawa, musamman ga matasa, ƙaninki kuwa a cikinta yake. Wanda ya fi kusa da shi yanzu, matarsa ko abokin nan, shi zai tambaya. In ya ce e, ko ya fara rabar da kayansa, ko yana sallama da mutane, ko ya ce za ku fi hutawa in babu shi, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa ko a kira lambar agajin gaggawa, ko yana so ko ba ya so. Nan ne kaɗai alkawarin da kika yi masa ke da togaciya, kuma ko a nan ki gaya masa a fuskarsa abin da za ki yi. In akwai bindiga a gidan a fitar da ita zuwa hannun da doka ta yarda, ƙwayoyi kuma kada a bar tuli, a bar na 'yan kwanaki. Irin wannan tunani sau da yawa yakan taso ya lafa cikin mintoci ko awoyi, shi ya sa nisanta makami daga hannu ke tsirar da rai.

Zai iya sake cewa a'a, har sau da dama, kuma hakan ba ya nufin maganar ba ta shiga ba. Mutane da yawa kan yi watanni suna juya ta a zuci kafin su taka. Kafin nan, likitan da kika shirya da shi bai tashi a banza ba. Ke da matarsa ku je don kanku, ku koyi yadda ake zama da mai wannan lalura, ita kuma ta samu inda za ta sauke nata kukan ban da kafaɗarki kaɗai. In faɗa masa ba zai jawo mata matsala ba, ya fi kyau ya ji daga bakinku cewa za ku je, amma ita za ta zaɓi lokaci da yadda za a faɗa, tunda ita ke kwana a gidan. Ki fara da ita, ki yi mata tambayoyin nan yau, sannan ki zauna ki rubuta saƙon ban haƙurin.